Yadda soja zai yi amfani da kafafen sada zumunta ba tare da siyasa ta ja masa kotun soja ba

Abu na farko da ya kamata duk wanda ya sanya kakin sojan Najeriya ya sani shi ne, 'yancin faɗin albarkacin bakinsa bai kai na farar hula faɗi ba, kuma kundin tsarin mulkin ƙasa na 1999 ne da kansa ya yarda da haka. Sashe na 39 wanda ya bai wa kowa damar bayyana ra'ayi, shi ne kuma a ƙaramin sashensa na uku ya halatta a kafa dokokin da za su taƙaita wannan dama ga sojoji da 'yan sanda da sauran jami'an tsaro. A kan haka ne hedikwatar tsaro ta fitar da ƙa'idar amfani da kafafen sada zumunta a shekarar 2018. Ka nemi kwafinta a ofishin rundunarka ka karanta da idonka, domin yawancin waɗanda suka faɗa rami da labarin da aka ba su a bariki suka dogara.

Kafin ka wallafa komai, ka raba abin da yake haƙƙinka da abin da aikinka ya hana ka. Kana da damar mallakar katin zaɓe, kana da damar kaɗa ƙuri'a idan aiki bai tsare ka ba, kuma babu mai bincikar abin da ke zuciyarka game da wani ɗan takara. Abin da zai ja maka tuhuma shi ne fito da wannan ra'ayi fili: tallata jam'iyya, sanya hoton ɗan takara a fuskar shafinka, zagin gwamna ko minista, ko sukar shugaban ƙasa, wanda shi ne babban kwamandan askarawan da kake cikinsu. Kada ka ɗauka sai abin da ka rubuta da hannunka ake lissafawa. Yaɗa rubutun wani, ko tura bidiyon yaƙin neman zaɓe zuwa guruf ɗin WhatsApp na abokan da kuka fito horo tare a Zariya, yana iya zama hujja a kanka, domin mutum ɗaya cikin guruf ɗin ya isa ya ɗauki hoton saƙon ya miƙa gaba.

Daga nan sai ka waiwayi shafukanka na Facebook da TikTok da X ka tsabtace su. Ka cire lambar aikinka da sunan bataliyarka da duk hoton da ke nuna sansani ko makamai, ka kashe abin da ke bayyana wurin da kake, sannan ka koma kan tsofaffin rubuce-rubucen da ka yi tun kana farar hula lokacin zaɓukan baya. Wasu kan buɗe shafi da sunan bogi suna ganin sun tsira, amma layin wayar da aka yi rajistarsa da lambar katin ɗan ƙasa ba ya ɓoye mai shi, kuma murya da lafazi kan tona asirin wanda ya rufe fuska.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne lokacin da kake da koke na gaskiya: alawus ya maƙale, abinci ya yi ƙaranci, an bar ka a filin daga fiye da wa'adi, ko ka binne abokan aiki kana ganin sakaci ne ya jawo. A nan ne hannu ke saurin kai wa waya. A watan Yunin 2020 wani las kofur mai suna Martins Idakpini da ke aiki a runduna ta 8 a Sakkwato ya fitar da bidiyo yana zargin babban hafsan sojin ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Tukur Buratai, da gazawa a yaƙin Boko Haram. Nan da nan aka kama shi, ya shafe watanni a tsare, sai da kotu ta ba da umarni a bar lauyansa ya gan shi. Girman muƙami ma ba ya kare mutum. Manjo Janar Olusegun Adeniyi, wanda ya jagoranci rundunar Lafiya Dole mai yaƙi da Boko Haram, ya bayyana a wani bidiyo a watan Maris na 2020 yana bayanin irin ruwan wutar da dakarunsa suka sha. Bidiyon ya bazu, aka cire shi daga muƙamin, kotun soja ta same shi da laifi ta rage masa shekara uku daga girmansa, kurtun da ke yi masa hidima kuwa aka yanke masa kwana 28 a tsare. A ganina akwai gaskiya a cikin wasu daga abubuwan da mutanen nan suka faɗa, sai dai kotun soja kan tsaya ne a kan ko an karya ƙa'ida, ba ta zama don auna gaskiyar koken.

Hanyar da doka ta tanada tana cikin Dokar Rundunonin Soji, sashe na 178 ga hafsoshi da na 179 ga ƙananan sojoji. Ka rubuta kokenka a takarda, da kwanan wata da abin da ya faru, ba tare da zagi ko ƙarin gishiri ba, ka miƙa wa kwamandanka, ka riƙe kwafi. Idan bai share maka hawaye ba, dokar ta ba ka damar ɗaga maganar zuwa sama. Hanya ce mai jan rai, wani lokaci ma takardar kan kwana a aljihun tebur, amma ita ce za ta tsaya maka idan daga baya magana ta kai gaban alƙali.

Ka kuma zauna da iyalinka. Matar da ta rubuta cewa an tura maigidanta daji kaza babu kayan aiki, ko ƙanin da ya haɗa hotonka cikin kaki da tutar jam'iyya, kai za a fara kira ka yi bayani. Idan kuwa har an riga an kira ka, kada ka yi gaggawar goge rubutun ko fasa wayar, domin hakan na iya zama laifi na biyu. Ka nemi a sanar da kai tuhumar a rubuce, ka nemi lauya ko hafsan da zai kare ka, kuma ka roƙi 'yan uwa su dakata da kai maganar intanet har a ga inda shari'ar ta dosa.