Yadda za ki kori koren ƙuda daga kifi ba tare da fiya-fiya ba

Duk mai shanya kifi a Sakkwato ya san abin da damina ke zuwa da shi, ki sayo tarwaɗa daga Kasuwar Daji ki gyara ki shanya, kafin ki waiga wannan babban ƙudan mai ƙyalli kore ya sauka. Ba ci kaɗai ya kawo shi ba, ƙwai yake zubawa a baki da kunnen kifi da cikin da aka tsaga, kuma da zahin garin nan kwana 1 ya isa su zama tsutsa.

Dan Allah a bar fesa Sniper ko fiya-fiya, guba ce, NAFDAC ta sha gargaɗi a kai.

Ga yadda nike yi. Busasshiyar citta, barkono, masoro da kanumfari kaɗan, ki dake su lukui ki tankaɗe. Ki fara wanke kifin ki jiƙa shi a ruwan gishiri ya tsane, sannan ki barbaɗa garin tun yana da danshi-danshi don ya kama jiki. Inda mutane ke kuskure shi ne su barbaɗa a baya kawai su tashi, alhali ƙudan ba can yake nema ba, ki buɗa kunnen ki cusa da yatsa, ki shafe cikin ciki har ƙasa. Ki rufe hanci hwa, ni ranar farko atishawa na yi ta yi har maƙwabciyata ta leƙo tana cewa Maman Abba lafiya dai ko.

Ganyen dogon yaro shi ma yana aiki sosai amma a inuwa ake shanya shi, rana na rage mishi ƙarfi. Kada ki sa shi jikin kifi kai tsaye, na taɓa yi, miya tukunya guda ta koma ɗaci. Sai dai ki dake ganyen ki zuba garin nashi a ƙasan kwali, ki shimfiɗa takarda, ki jera kifin bayan ya bushe ƙayau.

Garin kayan yajin nan ba shi kashe tsutsar da ta riga ta shige tsoka. Wanda kika ga ya fara motsi ki ware shi ki mayar kan hayaƙi, sauran kuma ki ɗaga su bisa waya ki lulluɓe da tsohon gidan sauro, kayan cikin da kika cire a binne su nesa da wurin shanya.