Kurakuran da aka fi yi wajen sauya DNS a kwamfuta

Aikin DNS guda ɗaya ne: ka rubuta sunan shafi, ya nemo maka lambar adireshinsa. Wanda ya bar na kamfanin layinsa ya koma na Google, wato 8.8.8.8 da 8.8.4.4, ko na Cloudflare, 1.1.1.1 da 1.0.0.1, wurin tambaya kawai ya sauya. Shafi na iya fara buɗewa da ɗan sauri, amma ƙarfin layi yana nan yadda yake, kuma data ba za ta ƙara auki ba.

Kuskuren da ya fi tayar da hankali shi ne rubuta lambar inda ba gurbinta ba. A Windows, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta ncpa.cpl, ka danna dama a kan katin haɗin intanet da kake amfani da shi, ka zaɓi Properties, sannan ka danna Internet Protocol Version 4 sau biyu. Akwatin da zai buɗe kashi biyu ne. Na sama na adireshin kwamfutar kanta ne, kada ka taɓa shi. Idan ka zuba 8.8.8.8 a nan, intanet zai ɗauke ɗif. Gurabe biyun ƙasa, Preferred da Alternate, su ne na DNS. A kula da katin ma, domin na Wi-Fi daban, na kebul daban. Sau da yawa ana gyara ɗaya alhali da ɗayan ake shiga intanet.

Sai gauraya kamfanoni biyu masu aiki daban-daban, kuma wannan ya fi shafar iyaye. Cloudflare yana da 1.1.1.3 mai toshe shafukan batsa da masu ɗauke da manhajar cutarwa. Mutum ya sa shi a gurbin farko, ya sa 8.8.8.8 a na biyu, ya ɗauka yara sun tsira. Ba su tsira ba. Da zarar na farko ya yi jinkirin amsawa, Windows na biyu zai tambaya, shi kuwa ba ya tace irin waɗannan shafuka. Abokin 1.1.1.3 da ya kamata a sa a gurbi na biyu shi ne 1.0.0.3. Ta IPv6 ma, wato sabon tsarin adireshin intanet mai dogayen lambobi, ana samun irin wannan yoyon. Idan layinka yana da shi kuma ba ka gyara shi ba, wasu tambayoyin za su ci gaba da bi ta tsohuwar hanya. Lambobin IPv6 na masu tacewar Cloudflare su ne 2606:4700:4700::1113 da 2606:4700:4700::1003.

An kuma saba mantawa cewa Chrome da Firefox suna da nasu saitin DNS a sashen tsaro. In an zaɓa musu wani kamfani a can, ba ruwansu da abin da ka sa a Windows, don haka a leƙa can ma.

Bayan sauyi, buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta ipconfig /flushdns domin share tsofaffin amsoshin da kwamfuta ta adana. Sannan ka rubuta nslookup da sunan wani shafi. Layin farko zai nuna wanda ya amsa: dns.google in na Google ne, one.one.one.one in 1.1.1.1 ne. Idan adireshin rauta ya fito, irin su 192.168.0.1, aikin bai zauna ba.

Kwamfutar ofis kam a bar ta yadda take, saboda sunayen firinta da ma'ajiyar fayilolin cikin gida DNS na ofishin kaɗai ya san su. Haka Wi-Fi na otal ko filin jirgi, wani lokaci shafin shiga yakan ƙi fitowa saboda lambar da ka kafe. Koma akwatin Internet Protocol Version 4 ka zaɓi Obtain DNS server address automatically, ka shiga, daga baya ka mayar da lambobinka.