Kurakuran da Ke Cika Imel ɗin Jami'a da Tarkacen Saƙonni

Malamai da ɗalibai a jami'o'in Jihar Kebbi, daga Birnin Kebbi har Aliero, suna yawan kukan cewa akwatinsu na imel ya cika da tallace-tallace da saƙonnin 'yan damfara, har takardar da ake jira daga wata mujallar bincike ta nutse a cikinsu. Mun saba ɗora laifin a kan ma'aikatan sashen kwamfuta, alhali sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sau da yawa mu ne muke tsaga bangon.

Sakataren sashe yakan aika sanarwar taro ga mutum ɗari biyu, ya jera adireshinsu duka a gurbin Cc inda kowa ke ganin na kowa. Idan aka yi wa akwatin mutum ɗaya daga cikinsu kutse, an kwashe adireshin sauran. Gyaransa shi ne a yi amfani da gurbin Bcc, wanda ke ɓoye adireshin sauran masu karɓa, ko a roƙi sashen kwamfuta ya buɗe adireshin rukuni guda. Haka nan a daina liƙa jerin adiresoshin ɗalibai a shafin jami'a, domin akwai manhajojin da aikinsu kawai tsintar su.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne miƙa kalmar sirri da hannunmu. Wani abokin aikina ya buɗe wayarsa bayan sallar asuba, ya ga saƙo ɗauke da tambarin makaranta yana cewa akwatinsa ya cika kuma za a rufe shi cikin awa 24. Ya latsa mahaɗin, ya rubuta kalmar sirrinsa, kafin azahar akwatinsa ya watsa saƙonnin damfara da sunansa ga mutanen da bai taɓa sani ba. Illar ba ta tsayawa kansa, domin ƙungiyoyi irin su Spamhaus suna iya sanya adireshin na'urar jami'a cikin jerin waɗanda ake toshewa, daga nan wasiƙun halal na kowa su fara dawowa. Babu ma'aikacin kirki da zai nemi kalmar sirrinka ta imel. A karanta cikakken adireshin mai aikowa harafi bayan harafi, sannan a kunna tantancewa mai mataki biyu, ta yadda ko an sace kalmar sai an nemi lambar da ke shiga wayarka.

Wasu kuma suna mayar da martani cikin fushi, wanda hakan ke tabbatar wa ɗan damfara cewa adireshin yana aiki. Share saƙon kaɗai ma bai wadatar ba. A latsa maɓallin kai rahoto, domin da shi matatar imel, wato manhajar da ke ware tarkacen saƙonni, ke koyon gane irinsa.

Su ma masu kula da na'urori suna da nasu. Barin sunan shafin jami'a ba tare da SPF da DKIM da DMARC ba, wato matakan da ke tabbatar da cewa saƙo daga jami'ar ya fito, yana ba kowa damar aika saƙo da sunanta, kuma tun watan Fabrairun 2024 Google ya wajabta su ga duk mai aika saƙo 5,000 ko fiye a rana zuwa Gmail. A rufe akwatunan waɗanda suka kammala karatu ko suka bar aiki, tunda babu mai lura idan aka sace su. Matatar kuwa kada a tsaurara ta har ta riƙa share saƙo kai tsaye. A keɓe abin da ake zargi na 'yan makonni, a ba mai akwatin damar dubawa.