Kurakuran da masu jinya ke maimaitawa da maganin taɓin hankali

Shekara tara ke nan maganin ƙanena yana hannuna. Duk wanda aka fara rubuta wa ɗan'uwansa irin waɗannan ƙwayoyi ya zo neman shawara, ramin da na faɗa nake ganin ya dosa, abin har ya ishe ni.

Babban kuskuren shi ne ajiye magani don an ga sauƙi. Ni da hannuna na yi. Wata bakwai yana shan risperidone, muryoyin da yake ji suka yi tsit, ya koma bakin aikinsa, ana hira da shi har da dariya. Rannan ya ce, "Yaya, ai na warke, ƙwayar nan kashe mini jiki kawai take yi." Tausayi ya kama ni, na ɗauke kwalbar ban tuntuɓi likita ba. Wata biyu shiru. Daga nan barci ya ƙaurace masa, ya cire batirin wayarsa ya naɗe ta cikin tsumma wai ana sauraronsa. Mako biyar muka kwashe a asibiti, aikin kuma ya tafi ke nan.

Magungunan nan toshe hanyar sinadarin dopamine suke yi a ƙwaƙwalwa, su danne ciwon muddin suna jiki. Lafiyar da kake gani aikin ƙwayar ce. Shi ya sa ko bayan tashin ciwon na farko likitoci kan ce a ci gaba da sha shekara ɗaya zuwa biyu, ragewa kuma sannu a hankali ake yi, a hannunsu. Ni yanzu duk dare a gabana yake haɗiyewa, in ja layi a kalanda. Wanda ba zai iya wannan ba ya tambayi likita allurar da ake yi duk mako biyu ko duk wata.

Na biyu ya fi ƙona mini rai, don mara lafiyar ake zalunta. Za ka ga mutum ya kasa zama, yana ta safa da marwa, ƙafafunsa ba sa tsayawa wuri guda, sai a ce ciwon ne ya motsa, a ƙara masa ƙwaya. Haba jama'a! Sau da yawa maganin ne ke jawo wannan, musamman haloperidol, sunan abin akathisia, kuma ƙarin ƙwaya ƙara masa azaba yake yi. Ka tambaye shi abin da yake ji a ƙafarsa, zai gaya maka. Haka in wuya ya murɗe ko idanu suka kafe sama a kwanakin farko, maganin ne, akwai abin da likita ke bayarwa ya sake cikin ɗan lokaci.

Kada ka yanke cewa magani ba ya aiki don an sha kwana huɗu, yakan kai mako biyu zuwa shida kafin a ga aikinsa. Mai shan olanzapine a riƙa auna nauyinsa da sugan jininsa, ni duk farkon wata nake ɗora ƙanena a sikeli. Mace ta ga al'adarta ta tsaya ko nono na zuba a kan risperidone, kada kunya ta hana ta faɗa wa likita. Mai clozapine kada ya tsallake gwajin jini, don yana iya karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. Mai chlorpromazine ya riƙa tashi a hankali saboda jiri. In ka lura leɓe ko harshe na motsi da kansa bayan an daɗe ana sha, ka kai rahoto da wuri, don yana iya zama dindindin.

Amma in zazzaɓi mai zafi ya haɗu da sandarewar jiki da gumi da ruɗewa, kada ka ba shi ƙwayar da ke gaba, kada kuma ka jira gari ya waye. A ɗauke shi zuwa asibiti a lokacin, tare da kwalin maganin.