Inda manyan ƙungiyoyi ke kuskure wajen bai wa matasan 'yan ƙwallo dama

Yaro ɗan shekara 18 yana ta motsa jiki a gefen fili tun daga minti na 60, idonsa na kan koci. Sai a minti na 89 aka yafuto shi. Ya cire rigar sanyi a gurguje, ya shiga, ya taɓa ƙwallo sau biyu, alƙalin wasa ya busa tashi. Washegari ƙungiya ta baza hotonsa tana cewa ta ba shi dama. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma ya fi wuyar ganewa saboda yana kama da alheri. Minti uku ba sa koya wa yaro komai, ba sa kuma nuna wa koci komai. Gyaransa shi ne a zauna tun kafin a fara kaka a tsara masa hanya: wasannin da zai fara, da waɗanda zai shigo saura rabin awa alhali wasa na da rai, sannan a bar shi ya jera uku ko huɗu. Guardiola, kocin Manchester City, ya fara sa Phil Foden a Nuwambar 2017 yana da shekara 17, ya ƙi tura shi aro wata ƙungiya duk da surutun jama'a, ya ajiye shi kusa da gogaggen ɗan tsakiya David Silva yana ƙara masa lokaci kaɗan-kaɗan. Da Silva ya bar Manchester City a 2020, magaji na nan a shirye.

Akwai kuma toshe ƙofa. A ranar ƙarshe ta 2011 Manchester United ta karɓi Blackburn cikin ƙarancin 'yan tsakiya. Kocinta Ferguson ya sa Rafael, wanda ɗan baya ne, da Park a tsakiya, matashin ɗan tsakiya Pogba kuwa yana zaune a benci yana kallo. An ci United 3-2. Bayan mako guda aka dawo da tsohon ɗan tsakiya Scholes daga ritaya. Pogba ya fahimci saƙon, ya tafi Juventus a 2012 da kwantiraginsa ya ƙare, United ta sake sayo shi a 2016 kan fam miliyan 89. Idan har Ferguson zai yi wannan tuntuɓe, babu kocin da ya fi ƙarfinsa. Kafin a sayo wanda zai riƙa zaman jiran ko-ta-kwana, a fara tambaya ko akwai yaron gida da zai iya cike gurbin. Sau da yawa akwai shi. Rashford bai samu shiga ba a United sai da Martial ya ji ciwo ana dab da fara wasa da Midtjylland a Fabrairun 2016, ya ci biyu, ya ƙara biyu a ragar Arsenal bayan kwana uku. Bai kamata a ce sai wani ya ji ciwo za a tuna da yaro ba.

Wasu kuma sai su kwashi yara takwas su zuba a wasan ƙaramin kofi rana ɗaya, in an lallasa su a ce ai ba su nuna ba. To wa zai gyara wa wani tsayuwa a cikinsu? Ana yawan tuna cewa United ta ci gasar Firimiya da kofin FA a kakar 1995-96 da su Beckham, Scholes, Butt da 'yan Neville, amma a mance cewa Schmeichel na raga, Bruce da Pallister na baya, Keane na tsakiya, Cantona na gaba. Yaro biyu ko uku a tsakiyar manya ya fi. Ɗan baya matashi yana buƙatar wanda zai daka masa tsawa ya ce matso, ko ja baya, tun kafin ɓarna ta auku.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na zarce gona da iri. Yaro ya yi fice, shi ke nan sai a ɗora masa komai, kamar jikinsa ya gama ƙwari. Pedri ya zo Barcelona daga Las Palmas yana da shekara 17. A kakar 2020-21 ya buga wasa sama da 50 a ƙungiyarsa, ya wuce gasar Turai da Sifaniya, daga can ya zarce gasar Olamfik a Tokyo, jimilla sama da 70 a shekara guda. A Satumbar 2021 tsokar cinyarsa ta ƙi, ya yi watanni yana jinya, ciwon kuma ya riƙa dawowa a shekarun da suka biyo. Wilshere ya buga wa Arsenal kusan wasa 50 a 2010-11 yana da shekara 19, kakar da ta biyo baya ko wasa ɗaya bai buga ba. Ba kowane ciwo ne gajiya ke kawowa ba, amma jikin da bai gama girma ba ba ya jure wasa duk bayan kwana uku na tsawon wata goma sha ɗaya. A riƙa ƙirga mintunansa, a sa masa iyaka, likitocin ƙungiya su sami ikon cewa yau ba zai buga ba ko da wasan na da zafi. A kuma yi magana da hukumar ƙwallon ƙasarsa da wuri: gasa ɗaya a lokacin hutu ta isa. Kocin da kujerarsa ke rawa ba zai hutar da yaron da ke ci masa wasa don kansa ba, shi ya sa wannan hukunci bai kamata ya zauna a hannunsa shi kaɗai ba.

Nauyi ba a ƙafa kawai yake ba. Bojan ya ci wa Barcelona ƙwallo 10 a La Liga yana da shekara 17, aka laƙaba masa sabon Messi, daga baya ya bayyana cewa ciwon fargaba ne ya hana shi zuwa gasar Turai ta 2008. Ansu Fati kuwa an miƙa masa rigar Messi mai lamba 10 a Barcelona a 2021, yana ɗan shekara 18, ko warkewa daga aikin gwiwa bai gama yi ba. A rage masa hira da 'yan jarida, a bar shi da lambarsa, a haɗa shi da wanda zai iya faɗa wa damuwarsa ba tare da tsoron rasa gurbi ba.

Batun aro a taƙaice: a duba ko kocin can yana son yaron da gaske, ko salon wasansu ya dace da shi, kuma wani daga gida ya riƙa zuwa kallonsa. Aron da za a je a zauna a benci, gara zaman gida.

Sai ranar da ya yi kuskure, don dole zai yi. Ya ba da ƙwallo a baya an tsinke an ci, filin ya ɗauki ihu, ya sunkuyar da kai. Yawancin masu horaswa sukan cire shi a hutun rabin lokaci, ba a sake ganinsa sai bayan wata biyu, ya dawo yana wasan tsoro, duk ƙwallon da ta zo sai ya mayar gefe. Abin da ya dace shi ne koci ya tare masa a gaban 'yan jarida, kashegari su zauna su biyu su kalli bidiyon, a nuna masa inda ya kamata ya waiga kafin ƙwallo ta iso shi, sannan a wasa na gaba ya ga sunansa a cikin sha ɗayan farko.