Kurakuran masu duba kwale-kwalen shaƙatawa a Ada da yadda za a gyara su

Mutanenmu na Nima da Madina, a yankin Accra ta ƙasar Ghana, da ke da kwale-kwalen inji sukan nufi Ada Foah a ƙarshen mako, inda kogin Volta ke shiga teku, kuma wanda ke duba lafiyar kwale-kwalen kafin a tashi galibi ɗan ƙungiyar masu kwale-kwale ne mai aikin sa kai, ba jami'in gwamnati ba. Babban kuskuren irin waɗannan masu dubawa shi ne ƙirga kaya ba tare da gwada su ba.

An fi yin wannan a kan rigar ruwa, wato rigar da ke hana mutum nutsewa. Mai dubawa zai leƙa ya ga riguna shida, ya rubuta shida, alhali biyu rana ta cinye su, sosonsu ya bushe yana marmashewa, ɗaya kuma maɗaurinta ya tsinke. Abin da ya dace shi ne a fito da kowace riga, a matsa ta da hannu, a ja igiyoyinta da ƙarfi, sannan a sa wa wanda zai hau. Idan aka kama kafaɗun rigar aka ɗaga ta haura kunnuwansa, to ta yi masa yawa, kuma a cikin ruwa za ta iya suɓuce masa. Yara su ne aka fi zalunta a nan, domin sau da yawa rigar manya ake zura musu. Rigar da ke kulle a akwati cikin ledarta kuwa, ni ba na ƙirga ta sam.

Sai igiyar kashe inji, wadda direba ke ɗaurawa a jikinsa domin injin ya mutu idan ya faɗa ruwa. Ganin ta a rataye ba ya wadatarwa. A tayar da injin, a fizge ta, a tabbatar ya mutu nan take. A lokacin ne kuma za a duba ko siririn ruwan da ke sanyaya inji yana fitowa ta baya.

Tukunyar kashe gobara ana duba allurarta ko tana kan kore, amma ana mantawa cewa girgizar inji kan sa hodar ciki ta dunƙule, don haka a juya ta a ji motsinta. A sunsuna ƙasan kwale-kwale, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, can yake taruwa. Kan batir ma ruwan gishirin Ada ba ya barin sa lafiya. Ita kuwa anga, wato ƙarfen da ake jefawa ruwa don tsayar da jirgi, a bi igiyarta har ƙarshe a ga ko an ɗaure ta a jikin jirgin.

Kuskuren da ya fi wuyar gyara shi ne kunya. Na taɓa tsayawa gaban kwale-kwalen wani dattijo da ya girmi mahaifina, na ce, "Baba Alhaji, a yi haƙuri a tayar mana da injin." Ya ce, "Haba ɗana, jiya-jiya na hau shi." Na sa hannu a takarda na wuce, sai a tsakiyar ruwa muka gane famfon kwashe ruwansa ba ya aiki, aka koma kwasa da bokiti. Tun daga ranar muka tsara cewa mutum biyu ne za su riƙa dubawa tare, ba wanda zai duba na ɗan'uwansa ko maigidansa, kuma ana farawa da kwale-kwalen shugaban ƙungiya.