Yadda za ka ziyarci mashigin ƙanƙara na Ilulissat

Idan Allah ya kai ka Ilulissat a yammacin Girinlan, kada ka yi gaggawar hawa jirgin ruwa. Fara da ƙafa. Daga bakin gari akwai hanyar katako da ke kai mutum Sermermiut, kwarin da mutane suka zauna tun kimanin shekara 4,000 da suka wuce. Daga can za ka hango mashigin, tsawonsa kusan kilomita 40, cike da duwatsun ƙanƙara da ke ɓallewa daga wani babban kogin daskararriyar ƙanƙara mai suna Sermeq Kujalleq. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2004.

Ni dai zama na yi a kan dutse na kasa kunne. Ƙanƙarar tana ƙara kamar tsawar damina, alhali ko ɗigon hadari babu. Kada ka sauka bakin ruwa, don idan babban dutsen ƙanƙara ya kife, igiyar ruwa kan rufe gaɓar farat ɗaya.

Na fi son watan Yuni, lokacin da rana ba ta faɗuwa ko tsakar dare. Tambayi malaminka yadda za ka lissafa lokutan salla tun kafin ka bar gida. Ka riƙe rigar sanyi mai kauri da maganin sauro, domin sauron bazararsu ba ya wasa.

Ka leƙa gidan da aka haifi Knud Rasmussen, shahararren mai binciken yankunan ƙanƙara na arewacin duniya, a 1879, yanzu gidan tarihi ne. Karnukan jan keken ƙanƙara kuwa na aiki ne, kada ka taɓa su sai da izinin mai su.